Filasmar da Na Kwantar a Jirgi

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jinƙai.

Zuwa ga ɗana Muntari. Ina gaishe ka, ina yi maka fatan alheri. Allah ya sa wagga takarda ta iske ka lafiya. Allah ya tsare ka a ruwa, ya tsare ka a tudu, ya raba ka da sharrin wanda ka sani da wanda ba ka sani ba.

Ka san ban yi boko ba, allon ma ban daɗe gabansa ba tsohona ya miƙo mini filafili ya ce in shiga jirgi. Malam Audu tsohon hedimasta shi ke riƙe da biro, ni ke faɗa. Na ce masa kada ya gyara mini magana, kada ya sa mata zuma. In ka ji ta da ɗaci, haka ta fito daga bakina.

Gida ɗaya muke kwana, amma sai da takarda zan yi maka magana. Innarka ce ta gaya mini ka sayar da komarka ta kamun kifi da rabonka na injin jirgi, ranar Alhamis za ka bi jirgin kasuwa zuwa Yelwa, ka sayi talabijin, ka wuce wata tunga ta wajen Shanga ka buɗe gidan kallon ƙwallo. Kowa a kwata ya sani kafin ni. Har baffanka Tanko, ƙanen nan nawa da ya kashe mini sana'a, ya tare ni inda jirage ke tsayawa yana washe haƙora, ya ce, "Yaya, ashe ɗanmu zai gaje ka?" Kai kuwa ba ka zo ka yi mini sallama ba, na kuma san ba ka da niyyar zuwa. Shekara shida ke nan babu abin da ke shiga tsakaninmu sai "ina kwana" da "lafiya lau". Na san dalili, zan zo kansa. Ba na son ka hau jirgin Alhamis da abin nan a cikinka, don na ga waɗanda sunka bar gida a haka, ba su dawo ba sai ranar ɗaukar gawa. Amma bari in fara da talabijin, ita ta fi sauƙin faɗi.

Ta farko da na saya wa rumfata ta kallon ƙwallo, wadda ake ce wa elsidi, tsohuwar yayi mai kaurin baya, ido ne ya saya mini ita. Na shiga shagon wani ɗan kasuwa a Yelwa, ya kunna. Sai ga furanni suna buɗewa, ga tsuntsu ja da kore, ga ruwa yana zubowa daga dutse kamar in tara hannu in sha. Na tsaya dab da ita, baki buɗe. Ya ce, "Baba, ka taɓa ganin irin wannan a Warra?" Na ce ban taɓa ba. Ko tambaya ɗaya ban ƙara ba, don kada masu shagon su gane ban san komai ba. Na sa anka ɗaure mini ita.

Rumfata ka san ta, faɗi gare ta ba tsawo ba, mutane har jikin zana hagu da dama. Da munka kafa talabijin ɗin, na tsakiya suna ganin wasa. Na gefe kuwa, 'yan wasa duk sun koma musu toka-toka, ba su bambanta mai jar riga da mai baƙa. In anka narka ƙwallo da ƙarfi sai ta yi jela, kafin ido ya kama ta har ta faɗa raga. Wani Bagunge da ke zuwa daga tsibiri ya miƙe ana tsakiyar wasa, ya ce, "Mamman, mu na gefe rabin wasa muke gani, sauran rabin a bakin mutane muke jin shi." Rumfa ta ɗauki dariya. Ni na ji zafi, na ce ya fita. Ya fita da mutum biyar, har yau ba su sake taka rumfata ba. Gaskiya ya faɗa, ni na kore shi.

To, in ka shiga shago kada ka yarda da furanni. Don talla anka yi su, kuma fure ba ya gudu. Ka ce a sa maka ƙwallo, irin wadda dish ke kawowa, ka ga yadda take yi in wasa ya yi zafi. Kada ka tsaya gabanta kamar ango. Ka koma can gefe ka leƙa, ka tsuguna ƙasa ka dubo sama, don masu zama a tabarma haka za su gan ta. Ka yi tambaya ko za su yi maka dariya. Dariyar shago a shago take ƙarewa. Ni na guje ta, na sha ta rumfa shekara biyu.

Kuma ni na ƙarasa talabijin ɗin da hannuna. Rumfar tana kusa da inda mata ke bandar kifi, hayaƙi ya bi ya dafe mata fuska. Na ɗebo ruwa a kwano, na ɗauki soso da sabulu, na dirje ta yadda nake dirje jirgi. Ta yi tas, na ji daɗi. Ashe ruwa ya gangara ya shige ta ƙasa. Washegari layuka sunka tsaya mata tun daga sama har ƙasa, kamar an jera kara. Mai gyara a Yelwa ya juya ta, ya sunsuna, ya ce, "Baba, wanka ka yi mata?" Na ce raɓa ce. Ya ce, "To, raɓar garinku da kumfa take sauka." Ka yi nesa da banda, Muntari. Ƙyalle mai laushi busasshe ya ishe ta. In an gama kallo ka rufe ta, don ƙwarin bakin ruwa da tururuwa ɗumi suke bi, in sun samu kafa cikinta za su tare.

Ta biyu ita ce filasma, ka san ta, da kai munka je sayen ta. Lokacin kana ajin ƙarshe a sakandare. Wannan karon na ce ido ba zai sake cuta ta ba, hannu zan sa. Mu a sana'armu abu mai nauyi shi ne abu. Kifi da nauyi ake sanin shi, katakon jirgi da nauyi, inji da nauyi. Na bi talabijin ɗin shagon ina ɗagawa ɗaya bayan ɗaya. Wata siririya na ɗaga ta da hannu ɗaya, na ce wannan ai faranti ne. Filasma kuwa sai da munka kama ta ni da kai. Na ce ga kaya. Ka ce, "Baba, wagga tana shan wuta, kuma an ce har an daina yin irinta, sai ta hannu." Na ce maka da kake karanta wannan a littafi ni ina ina? Na biya, munka ɗauko ta.

Ba zan ci mata amana ba, hoto kam ta yi shi. Har yau ban ga wadda ta fi ta a wajen ƙwallo ba. Baƙinta baƙi ne, ciyawar fili shar, ƙwallo ba jela, wanda ke jikin zana yana ganin abin da na tsakiya ke gani. Watannin farko har daga wasu tungaye ake tuƙo jirgi a zo. Na riƙa tafiya a kwata ina jin kaina.

Sai ta fara nuna hali. Ƙaramin janaretana ya kasa ɗaukar ta da fanka, da an kunna sai ya yi tari ya mutu, dole na nemo babba, babban kuma ba ya ƙoshi da mai. In ta yi awa biyu, ka sa hannu a bayanta ka ji kamar murhu, rumfa ta zama gidan gasa burodi a watan zafi. Da rana in haske ya shigo ta ƙofa sai ta koma madubi, mutum ya zo kallon ƙwallo ya riƙa kallon hularsa. Sannan ga ɗan akwatin nan na kusurwa inda ake rubuta ci nawa anka yi. Tunda kullum ƙwallo muke sa wa, sai ya toye a jikin gilashin, ya zauna daram. Ko wa'azi anka sa, yana nan saman rawanin malam kamar inuwa. Mutane sunka riƙa cewa a rumfar Mamman har malamai ana ba su ci.

Don haka duk wanda ya nuna maka filasma a Yelwa, komai kyan hotonta, komai arahar da ya yi maka, ka gaishe shi ka wuce. Tsohuwa ce wadda wani ya gaji da ita a wata ƙasa. In ta mutu kayan gyaranta sai an tono daga gawar 'yar'uwarta. Tungar da za ka ba wutar gwamnati, ko turaku ba a kafa ba. Abin da za ka fara tambaya ba girma ba ne, wuta nawa take sha. Kuma ka daina auna abin zamani da ma'aunin kifi. Ni na yi.

Yanzu na zo inda abin ke yi mini ɗaci. Tanko ya zauna a rumfata shekara guda, kyauta, a bencin gaba, yana kirga kawunan mutane da ido. Ni na ɗauka zumunci ne. Rana ɗaya sai ga shi ya kafa tasa rumfa, taku arba'in daga tawa, bai ko ce mini ga abin da yake shirin yi ba. Me ya sayo? Farantin nan da na ɗaga da hannu ɗaya na ajiye. Ita ake ce wa led. Na yi masa dariya a gaban jama'a, na ce damina ɗaya ba za ta gani ba. Ya ɗora sola biyu a kan rufi, ya ajiye batir a ƙarƙashin benci, shi ke nan. Ba ƙarar janareta, ba hayaƙi, ba tafiya Warra neman mai. Ranar da mai ya yi wuya ni ina zaune cikin rumfa ni kaɗai da filasma a kashe, ina jin ihun "ta shiga!" daga wajensa. Tasa kuwa, da rana tsaka haskenta yana fin na ƙofa. Damina bakwai ke nan tana aiki.

Ban taɓa shiga rumfarsa ba, ba kuma zan shiga ba. Amma na sha tsayawa bayan zana kamar mai gyaran taru, ina leƙe. Ga abin da na gani. Baƙinta bai kai na filasma ba, in anka nuna wuri mai duhu sai ka ga kamar hazo. Daga gefe tana ɗan kodewa, shi ya sa ya yi rumfarsa doguwa, ya jera benci baya da baya, ba mai faɗi irin tawa ba. Wayo gare shi, ban ce ba shi da shi ba, amana ce ba shi da ita. Sau ɗaya fitilunta na ciki sunka mutu, murya na fita hoto babu. Ya saɓa ta a kafaɗa ya kai Yelwa, kwana biyu ya dawo da ita garau.

Irin ta Tanko za ka saya. Malam Audu ya ɗaga kai ya dube ni da na faɗi haka, na ce ya rubuta. Amma kada in ji maganar nan a bakin Tanko.

Kafin ka shiga kowane shago, ka fara zuwa wurin mai gyara. Ka gaishe shi, ka zauna, ka dubi gawarwakin da ke jibge bayansa, ka tambaye shi wace iri ce ta fi zuwa, wace iri ce ake samun kayanta. Shi ba sayarwa yake ba, ba shi da dalilin yi maka ƙarya. Shi zai gaya maka wadda anka liƙa wa sunan babban kamfani alhali cikinta tarkace ne. Za su nuna maka wata wai ita oled, siririya kamar takarda, baƙinta ya fi na filasmata. Na gan ta sau ɗaya, na tsaya na daɗe. Ta masu gidan sama ce. An ce ita ma tana toye rubutu in ya daɗe wuri ɗaya, kuma in ta samu matsala ba kowane mai gyara ke taɓa ta ba. Za su ce maka wata fokee ce, wai hotonta ya ninka na sauran. Ka tambaye su, dish ɗin da za ka kafa a tunga yana kawo irin wannan hoton? In ba ya kawowa, ka sayi randa babba ne ka zuba mata moɗa ɗaya. Za su ce wata tana shiga intanet da kanta. A inda za ka, sai an hau tudu ake samun waya. Ka sayi wadda rumfarka da batirinka za su iya, ka bar sauran ga masu su.

Na ƙare maganar talabijin. Saura wadda na yi ta kewayewa.

Ka tuna shekarar da ruwan tabki ya cika fiye da yadda ya saba, ya shigo rumfa har ƙafar benci. Dole mu kwashe kaya mu ƙetare zuwa tudu. Kwalin da filasma ta zo ciki na riga na yanka shi na toshe rufin akurki. Munka fito da ita tsirara, ni da kai, zuwa jirgi. Na shimfiɗa buhuna a cikin jirgi na ce a kwantar da ita. Ka ce, "Baba, ba a kwantar da ita. A tsaye ta zo. Gilashin yana da nauyi, in jirgi ya buga zai tsage. Bari in zauna in rungume ta." Mutane suna tsaye a kwata suna ji, har da Tanko. Ni shekara arba'in ina loda jirgi. Abin da tsohona ya fara koya mini shi ne kaya mai faɗi kwanciya yake yi, in ka tsayar da shi iska ta samu abin turawa, jirgi ya kife. Buhu, ƙofa, kwanon rufi, duk haka nake yi musu, ban taɓa zubar da kayan kowa a ruwa ba. Na ce, "Kai za ka koya mini lodi? Boko ya kai ka har cikin jirgi?" Na ture hannunka. Munka kwantar da ita.

Muna tsakiyar ruwa wani jirgin inji ya wuce, igiyarsa ta ɗaga mu ta buga, sau uku. A na biyu na ji ƙas, ƙarama, kamar an taka busasshen kara. Na ji ta, Muntari. Kana can gaba da filafili, ko kusa da ita ba ka zo ba. Da munka isa anka ɗaga, ga tsaga tun daga wannan kusurwa har waccan. Jama'a sunka taru, har Tanko da shi ma ya ƙetaro. Tanko ya ce, "Subhanallahi, Yaya, garin yaya?" Na dubi fuskarsa, na ga dariyar da yake ɓoyewa, na kasa cewa ni ne. Sai na juya na nuna ka, na ce kai ka dafa ta da gwiwa wajen sauka. Ka buɗe baki, na daka maka tsawa. Ka rufe.

Tun daga ranar anka sa maka suna Gwiwa. Shekara shida yara da manya suna kiran ka da shi. In ka je aron abu sai a ce, "A kula da gwiwa dai." Ina ji, ina wucewa. Innarka ta sani, don ranar ta ga inda ka zauna a jirgi, can gaba. Ta ce mini, "Malam, ka ji tsoron Allah, yaron nan bai taɓa ta ba." Na ce mata maganar maza ce. Duk shekara in azumi ya zo sai ta sake faɗa, ni kuma in ɗauki buta in fita.

Na yi ta gaya wa kaina Tanko ne ya ja, da bai tsaya yana kallo ba da ban faɗa ba. Ɗan kasuwar Yelwa ne ya ja, da ya sayar mini da abin da ba ya son jirgi. Mai jirgin inji ne ya ja. Har yanzu ina jin haushinsu su duka, kuma da shi za a binne ni. Amma ba ɗayansu da ya nuna ka da yatsa. Ni na nuna ka.

Nasihar da ke bayan wannan ba ta lodi ba ce, lodin kai ka koya mini. Ka ajiye kwalinka, ka tsayar da ita, ka rungume ta har Shanga, in iska ta taso ku raɓa gaɓa ku jira. Nasihar ita ce, wata rana za ka yi kuskure a gaban mutanen da kake jin kunyarsu, kuma kusa da kai akwai wanda ba zai iya musa maka ba, matarka ko ɗanka ko mai yi maka aiki. A lokacin bakinka zai yi sauri. Ka cije shi. Da na ce ni ne, da an yi mini dariyar mako guda an manta. Na ƙi dariyar mako guda, na rasa ɗa shekara shida, ga shi yana shirin tafiya ba sallama.

Malam Audu ya ce in rubuta cewa ina neman gafararka. Na ce masa takarda ba ta isa ba, don ba a takarda na ɓata ka ba. A kwata na faɗa, gaban jama'a, a can zan warware.

Ranar Alhamis da hantsi, lokacin da ake lodin jirgin kasuwa, mutane sun cika, zan zo. Tanko ba ya rasa wurin, in ma ya rasa zan aika a kira shi. Zan tsaya in ce ni Mamman na kwantar da filasma bayan ɗana ya hana ni, ni na fasa ta, na kuma ɗora masa. Duk wanda ya sake kiran ka da sunan nan, ni da shi ne. Ka san halina, sau ɗaya zan faɗa, ba zan maimaita ba, don haka ka tsaya kusa. In ka sulale ka bi jirgin asuba don kada mu haɗu, zan faɗa duk da haka, su yi dariyarsu, sai dai kai ba ka ji ba, kuma kai nake so ka ji. Bayan nan in ka ga dama ka miƙo hannu, in ba ka ga dama ba ka shiga jirginka, ba zan riƙe ka da shi ba.

Allah ya kai ka lafiya, ya kwantar maka da ruwa, ya tsare jirgin da ka shiga da wanda ke tuƙa shi. Allah ya cika maka rumfa da mutanen kirki, ya ba ka maƙwabcin da ya fi nawa. Allah ya yi maka albarka, ya dawo mana da kai da ƙafarka muna da rai. Amin.

Ni ne mahaifinka,
Mamman.